Tsakanin Wuƙa da Wuta: Tarihin Adana Nama a Zangunan Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu

Sana'ar fawa a Fatakwal da Anaca da Inugu ta taso ne daga wani cikas na yanayi: ƙasar tana da masu cin nama da yawa amma ba ta riƙe shanu, naman da aka yanka a cikinta kuma ba ya jimawa. Ƙudan tsando ya yi yawa a kurmi da bakin rafuka, shi ne kuma yake sa wa shanu sammore. Farar saniyar Fulani mai tozo in ta daɗe a can sai ta rame, ta kwanta. Abin da mutanen ƙasar suke da shi tun asali shi ne muturu, gajeriyar saniya marar tozo wadda take jure cutar, sai dai ba ta da yawa, kuma an fi tanadinta don jana'izar manya da bukukuwan sarauta, ba don kasuwa ba. Har yau Ibo suna bambanta su da suna: tasu efi Igbo, mai tozon kuwa efi Awusa, wato saniyar Hausa. Naman shanu ma da yawansu anu nama suke ce masa. Kalmar ta shiga bakinsu tare da kayan.

Cikas na biyu iska ce. Ruwan da yake sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano fiye da biyu, kuma da wuya wata ya wuce ba a yi ko yayyafi ba. Zafin bai kai na Sakkwato da bazara ba, yawanci yana kai-kawo tsakanin digiri 23 da 33 a ma'aunin Salshiyas, rani da damina. Amma iskar cike take da laima. A Katsina da rani, in aka yanyana nama aka rataye, bayansa yakan bushe nan da nan, busasshen ɓawon nan kuwa yana hana ruɓa saurin kamawa. A bakin teku naman jiƙe yake zama, da ɗuminsa, har ya sake launi. Inugu da take kan tudu, hunturu kuma yana isa gare ta sosai, ta fi sauƙi. Anaca tana tsaka-tsaki. Duk dabarar da mahauci ya taho da ita daga Arewa sai da wannan iskar ta gwada ta.

Hausawan da suka fara zama a yankin ba mahauta ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa suka kafa zango a Elele, arewa maso yamma da inda Fatakwal take yanzu. Anaca, inda Turawan ciniki da 'yan mishan suka kafa tasha a 1857, ta riƙa karɓar Nufawa da Hausawa masu gangarowa ta Kogin Kwara daga Lakwaja da kanwa da tufafi da kayan fata, shi ya sa har yau akwai Titin Bida kusa da bakin ruwa, da masallaci a kansa. Fatakwal da Inugu kuwa 'ya'yan kwal ne da layin dogo. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal a 1912, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. A 1927 layin ya haɗu da na Arewa ta Kafancan, a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai. Garuruwan suka cika da masu haƙar kwal da leburorin tasha da ma'aikatan jirgi da akawuna, mutane masu albashi a hannu waɗanda ba su da gona ko akuya a kusa. Su ne kasuwar da ta jawo mahauta. Unguwannin da suka sauka su ne Ibo suke kira Ama Awusa ko Ogbe Awusa, kasuwar shanu kuma Gariki.

Kafin zuwan firji, hanyar adana nama mafi inganci ita ce a bar shi da ransa. Sa mai tafiya da ƙafarsa nama ne da ba ya ruɓa, ko da zai yi wata a hanya. Fatake suna koro garke daga Barno da Adamawa da ƙasar Hausa, su ƙetare Binuwai ta Ibi ko Makurɗi, su shiga kurmi. Da jirgin ƙasa ya samu, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki, Umuahia da take kan layin ta zama babbar karar Gabas, daga nan aka riƙa rarraba shanu zuwa garuruwa. Anaca ba ta da layin dogo, gadarta ta kan Kwara kuma sai a 1965 aka gama ta, saboda haka shanunta sun daɗe suna isowa a ƙasa. Amma ko wannan ajiyar mai rai tana da wa'adi. Dabbar da tsando ya ciza a hanya kullum raguwa take yi, don haka kara a Kudu ba wurin kiwo ba ce, wurin jiran wuƙa ce.

Tsarin cinikin ma wa'adin ne ya gina shi. Falke yana sauka gidan maigidansa, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan kuɗinsa. Mahauci yana ɗaukar sa bashi, ya yanka, ya sayar, sannan ya biya. In nama ya yi kwantai, ba mahaucin kaɗai ya yi asara ba, har amanar maigidan ta girgiza. Wannan ya sa Sarkin Fawa da manyan mahauta suke kintata yawan abin da gari zai ci kafin a kayar da dabba: ranar albashi daban, tsakiyar wata daban, makon Kirsimeti daban. Daga cikin wannan fatauci ne Malam Umaru Altine ya fito, Bafulatani daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, wanda ya zo Inugu da cinikin shanu, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Ranar mahauci tana farawa da sallar asuba. Kafin gari ya waye an yanka, an feɗe, an fasa ciki. Kayan ciki, wato tumbi da hanji da hanta da huhu da ƙoda, su ake fara rabuwa da su, domin kowane yaron mahauci ya san su suke fara bashi. Da hantsi nama yana kan tebur, mai shi yana kaɗa ƙuda. In azahar ta gota, farashi ya fara sauka. Abin da ya rage kafin la'asar wuta ce makomarsa, ko ya tafi wurin mai tsire da mai balangu, ko wurin mata masu abinci, ko a banda shi. Babu wanda ya rubuta wannan ƙa'ida, amma ita ta riƙe sana'ar fiye da shekara hamsin ba tare da ƙanƙara ba.

Binciken zamani ya bayyana dalilin da ya sa ta yi aiki. Zafin jikin saniya digiri 38 ne zuwa 39, kuma cikin tsokar lafiyayyar dabba kusan babu ƙwayar cuta. Ƙwayoyin daga waje suke hawa: daga fata, daga kashin da ke cikin hanji in wuƙa ta huda shi, daga daɓen kwata, daga ruwan wanki, daga hannu. Da sun hau, zafin da ke tsakanin digiri 5 da 60 shi ne gonarsu, kuma inda suka fi jin daɗi, wajen 30 zuwa 37, shi ne daidai zafin rumfar kasuwa a Fatakwal da rana tsaka. A nan wasunsu sukan ninka kansu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya, in ba abin da ya tare ta, cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Ma'aikatun nama na zamani suna tare ta da sanyi, su sauke zafin gangar nama zuwa digiri 7, kayan ciki zuwa 3. Mahaucin da ba shi da sanyi da lokaci yake tare ta: ya rage awowin da ke tsakanin wuƙa da tukunya. Sannan girkin ƙasar ya cike sauran. Bahaushiya da matar Ibo duk tafasa nama suke yi ya yi laushi, sau da yawa a soya shi bayan nan, a sake jefa shi a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idoji biyar na tsabtar abinci da ta fitar a 2001, ta ce a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70. Tukunyar da take tafarfasa a digiri 100 na tsawon awa ta wuce nan nesa. Wannan zafin ne kuma yake kashe 'ya'yan tsila da suke ɓuya a tsokar shanu, waɗanda duba-gari tun zamanin dokar lafiya ta 1917, da likitocin dabbobi daga baya, suke tsaga nama a kwata suna nema, tare da alamun tarin fuka a huhu.

Inda gadon iyaye ya gaza shi ne a kan hanci da ido. Mahauci yana gane nama da wari da launi da yauƙi, kuma a nan ba a ja da shi. Sai dai ƙwayoyin da suke ruɓar da nama daban, masu kwantar da mutum daban. Salmonella da Staphylococcus da ire-irensu suna iya cika yanka guda ba su sake masa ƙamshi ko kala ba. Nama yana iya yin bashi bai kashe kowa ba bayan an dafa shi, wani kuma ya yi kyau a ido ya kai gida guda asibiti. Wannan gaskiya tana da wuyar karɓa ga mutumin da ya gaji wuƙa kaka da kakanni, amma ita ce tushen duk maganar ma'auni.

Tsire shi ne abin da ya fi fito da sunan Bahaushe a waɗannan garuruwa. Mutanen Kudu suya suke ce masa, ko da yake gasa shi ake yi, ba soyawa ba. Sunan ya bi duniya a haka. Aikinsa na yamma ne. Ana yanyana tsoka fale-fale, a tsira ta a tsinke, a birkiɗa ta cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta da barkono da gishiri, a yayyafa mai. A tsohon salo ana kafa tsinkayen ne a tukuba, tudun toka mai zagaye da wuta a tsakiya, ana juya su ɗaya bayan ɗaya. A birane waya a kan garwashi ta fi yawa. Sirantar yankan tana da amfani babba: zafi yana ratsa shi cikin mintuna, ba kamar balangu ko gasasshiyar kaza ba, waɗanda bayansu yakan yi ja tun cikinsu bai nuna ba. Ga masu aunawa, dunƙulen naman shanu ko na rago yana bukatar digiri 63 a tsakiyarsa da ɗan hutu na minti 3, niƙaƙƙen nama 71, kaza 74, a kuma auna ta a kaurin cinya ba tare da an taɓa ƙashi ba. Tsiren da aka sauke daga wuta yanzu-yanzu ya cika wannan sharaɗi.

Haɗarin bayan gashi yake farawa. Mai tsire ba ya jiran mai saye kafin ya gasa. Yana gasa da yawa da la'asar, ya jera a gefen wuta ko a akwatin gilashi mai ƙwan lantarki, ya yi ta ciniki har tsakar dare. Gefen wuta da akwatin gilashi suna ba nama ɗumi, amma galibi ba sa kai shi digiri 60, wanda shi ne iyakar da dafaffen abinci ya kamata ya zauna a samanta. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, hukumomin Amurka ma sun rage zuwa awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32. In mai saye ya zo, sai a mayar da tsinke biyu kan wuta na ɗan lokaci, a zare, a yayyanka a kan katako, a barbaɗa yaji, a sa ɗanyar albasa da tumatir da kabeji, a naɗe a takarda. In katakon da wuƙar su ne suka yanyana ɗanyen nama da rana, abin da wuta ta kashe ya dawo. Yajin ƙarshe ma bai ga wuta ba, kuma hannu ɗaya ne yake ɗibarsa yake karɓar kuɗi.

Kwantai ya fi duka muni. Staphylococcus tana zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya, tana jure gishiri, kuma in ta sami awowi a kan ɗumin nama tana zubar da dafi. Wuta tana kashe ƙwayar, ba ta kashe dafin. Shi ya sa tsiren jiya da aka ɗumama har ya yi ƙauri yake iya sa amai cikin awa 1 zuwa 6. Tsofaffin masu tsire da suke gasa kaɗan-kaɗan, su bar sauran ɗanye sai an nema, su rabar da ragowar dare ga yara da maƙwabta kafin su tashi, sun fi kusa da daidai fiye da mai tara kaya don rumfa ta yi kwarjini.

Kilishi da banda wata hanya suka bi: maimakon a guje wa zafi, sai a janye ruwan. Kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, ƙwayoyin cuta kuma ba sa hayayyafa sai da shi. Mai kilishi yana shimfiɗa tsoka ta yi faɗi kamar takarda, ya shanya a gadon kara, ya tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, ya sake shanyawa, sannan ya ɗan nuna mata wuta. Abin da ya rage na ruwa a ciki wajen kashi 10 cikin 100 ne, ya kuma yi watanni. Amma wannan aikin rana da busasshiyar iska ne. A Fatakwal, in ba cikin 'yan makonnin hunturu ba, shanyar ba ta bushewa da saurin da ake bukata, don haka 'yan kasuwa da yawa daga Arewa suke sarowa. Ko busasshen ma in aka bar shi a buɗe yakan sha laima, ya yi laushi, ya yi hunhuna, ƙuli-ƙulin da ke jikinsa kuwa abinci ne ga irin hunhunar da take haifar da dafi mai cin hanta. Banda ta fi jure hanya. Garin Nguru, inda layin dogo ya isa a 1930, ya shahara da ita: a dafa gunduwa-gunduwan nama, a ƙyafe su da hayaƙi su yi tauri kamar itace, a cika buhuna a loda a taragu zuwa Kudu. Ta wannan hanya nama ya riƙa tafiyar kilomita dubu ba da ƙafarsa ba.

Babbar Sallah tana nuna bambancin ƙasashen biyu ƙarara. A Sakkwato ko Maraɗi ana banƙare rago a gefen wuta, ya sha hayaƙi da iska, sai washegari a sauke a raba. A zangon Anaca, musamman in Sallar ta faɗo da damina, jinkiri irin wannan ba shi da tabbas in wutar ba ta da ƙarfi. Matan zango sun fi dogara ga suya a ranar: kayan ciki tun kafin azahar, tsoka kuma a soya ta ƙarau har ruwanta ya ƙone, a tsame, a bari ta huce a buɗe, sannan a rufe. In aka rufe ta da zafinta gumi yakan kwanta a murfi ya ɗiga a kai, daga nan hunhuna take kamawa.

Kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, sun katse fataucin shanu gaba ɗaya. Zanguna suka watse, shanu suka daina sauka, rashin nama da kifi yana cikin abin da ya jawo tamowar da ta hallaka yara masu ɗimbin yawa a yankin. Cikin kayan agajin da aka riƙa kaiwa har da busasshen kifin Norway, okporoko a bakin Ibo, wanda ba ya neman sanyi ko kaɗan. Bayan yaƙi Hausawa suka komo, amma jirgin ƙasa ya riƙa ja da baya, tirela ta karɓi aikinsa. Manyan kasuwannin shanu suka bi kwalta: Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, Ugwuoba da Amansea a kan hanyar Inugu zuwa Anaca, Gariki da New Artisan a cikin Inugu, da kwatar Trans-Amadi a Fatakwal, wadda ta ba mahaɗar da ke wurin sunanta kafin gwamnatin Ribas ta tashe ta a 'yan shekarun baya. Mota ta canja, dabarar ba ta canja ba: har yau mafi yawan naman shanun da ake ci a garuruwan nan da ransa yake isowa, a yanka da asuba, a ci a ranar.

Sanyin inji ta teku ya shigo. A 1876 Carl von Linde a Jamus ya ƙera injin sanyaya mai aiki da amoniya, a 1882 jirgin ruwa mai suna Dunedin ya kai daskararren naman tumaki daga New Zealand zuwa Landan lafiya lau. A Nijeriya abin ya daɗe yana kantunan Turawa kawai. Michael Ibru ne ya fito da daskararren kifi kasuwar talaka daga 1957, kuma da farko mutane ƙyamarsa suka yi, suna ce masa kifin mutuware. Araha ta rinjayi ƙyama. Bayan farin farkon shekarun 1970 ya rage shanun Arewa, kuɗin mai kuma ya yawaita, ƙasar ta shiga sayo daskararren nama daga waje, ɗakunan sanyi suka bazu a Fatakwal da Anaca, firiza ta shiga shaguna da gidaje. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji da talo-talo, amma suka ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano, sau da yawa a motocin da ba su da sanyi, kwana da kwanaki.

Firji ya kawo sauƙi, ya kuma kawo wani haɗari da tsoffin mahauta ba su sani ba, wato rabin sanyi. Ƙa'idar firji ƙasa da digiri 5 ce, ta firiza digiri 18 ƙasa da sifiri. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai take sa su. Da nama ya saki, daga inda suka tsaya suke ci gaba. Lantarkin da ake ɗaukewa ana kawowa yana sa kaya su narke su sake daskarewa sau da yawa, kowane zagaye kuma ƙari ne a kan na baya. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi wajen awa 4 in ba a buɗe shi ba, cikakkiyar firiza awa 48, mai rabin kaya awa 24. Mai shagon da yake kashe janareto da dare don tsimin mai, ko yake buɗe murfi duk minti biyar yana ciro ruwan leda daga kan nama, ya rage wannan wa'adi sosai. Alamun kayan da suka narke suka koma ba sa ɓuya ga mai lura: ƙanƙara mai jini a gindin kwali, kwalin da ya jiƙe ya sake bushewa, cinyoyin kaza da suka manne suka zama dunƙule ɗaya. Mahaucin da ya saba cewa abin da ya kai la'asar na wuta ne, yanzu yana da inda zai jefa kwantai ya fito da shi gobe, jibi ma haka. In sanyin na gaskiya ne, wannan ci gaba ne. In firizar tana tsaye ne a digiri 10 ko 12, tsohuwar ƙa'idarsa ta fi ta aminci.

Narkarwa ma tana da nata kuskuren da ya zama ruwan dare. Ana fito da kwalin kifi ko kaza da safe a ajiye a baho a rana. Bayan naman yana kai zafin gari tun tsakiyarsa tana dutse, ya yi awowi a haka, ruwan da yake tsiyaya kuma ya bi tebur da wuƙa da kayan miya. Hanyoyin da suka inganta su ne a sauko da shi daga firiza zuwa ƙasan firji tun daren jiya, cikin kwano don kada ya ɗiga a kan wani abinci. Ko a ƙulle shi a leda a nutsa a ruwan sanyi ana sake ruwan duk rabin awa, a dafa da zarar ya saki. Ko, in ƙanana ne, a zuba su a tukunya da ƙanƙararsu a ƙara lokacin dahuwa. Abin da aka narkar a ruwa ko a fili ba a mayar da shi firiza ɗanye.

Zango ba nama kaɗai yake ci ba. Mai shinkafa da wake, da mai tuwo, da mai shayi suna ciyar da 'yan ci-rani da direbobin tirela da masu dako tun safe har dare. A da tukunya a kan murhu take wuni da garwashi a ƙarƙashinta. Yanzu kula ta maye gurbin garwashi. Kula ba ta ƙara zafi, riƙewa kawai take yi, kuma duk buɗewa raguwa ce, har abinci ya gangaro ƙasa da digiri 60 tun rana ba ta yi tsaka ba. Shinkafa ta fi shiga haɗari, domin ƙwayar Bacillus cereus tana da iri mai tauri da yake tsira daga tafasa, ya farka in shinkafa ta yi ɗumi-ɗumi, dafinsa kuma ɗumame ba ya karya shi. Al'adar tafasa miya da dare a sake tafasa ta da safe tana da tushe mai kyau, muddin an bari ta tafarfasa har tsakiya, ba a ɗora ta ta yi zafi a baki kawai ba. Babbar tukunya ce take da matsala, don takan kwana ba ta huce ba. Masu manyan kicin suna bin mizanin saukowa daga digiri 60 zuwa 21 cikin awa 2, daga nan zuwa 5 cikin wasu awa 4, abin da ba ya yiwuwa sai an rarraba abincin a ƙananan kwanuka marasa zurfi. Nono kuwa tsaminsa ne yake kare shi, ba sanyi ba. Abin tsoro a furar zango shi ne madarar da ba a tafasa ba tun farko, da ruwa da ƙanƙarar da ake damawa da su.

An yi ta neman sanyin da bai dogara da layin lantarki ba. Randa cikin randa ta Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki ne da jiƙaƙƙen yashi a tsakanin tukwane biyu: ruwa yana tashi, yana tafiya da zafi. A busasshiyar iskar Dutse tana ƙara wa tumatir da alayyafo kwanaki, amma a laimar Fatakwal ruwan ba ya tashi sosai, kuma ko a Arewa ba ta sauka zuwa digiri 5 da ɗanyen nama yake bukata. Wanda ya fi dacewa da Kudu shi ne ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a Owerri a 2015, yana girke irin waɗannan ɗakuna a cikin kasuwanni, sanyinsu wajen digiri 5, ɗan kasuwa ya biya kuɗin kwando a kowace rana. Masu tumatir da tattasai da suke sauke kaya daga Arewa suna cikin waɗanda tsarin ya fi yi wa amfani. Ga mai nama, irin wannan sanyin na kwanaki ne kaɗan: niƙaƙƙen nama da kaza da kayan ciki kwana 1 zuwa 2, dunƙulen tsoka kwana 3 zuwa 5, dafaffen nama kwana 3 zuwa 4, a kuma jera dafaffe a sama, ɗanye a ƙasa.